Zancen Haske A Zaurukan Wasa Na Makarantu

Masu ɗaukar hoto a Dutsin-Ma da Kurfi kan sha zargi in sun ɗauki yara suna kokawa a zauren makaranta, hoto ya fito dishi-dishi, uba bai gane ɗansa ba. Alhali kuwa laifin na zauren ne.

Ibnul Haisam, mai Kitabul Manaziri, wanda ya rasu a Misira wajen 1040, ya tabbatar da cewa haske ne ke tasowa daga abin da a ke kallo ya shiga ido. To, haka na'urar hoto ta ke. Mai zaune ya iya jira, amma ɗan kokawa ba ya jira; tilas idon na'ura ya buɗe ya rufe cikin kashi ɗaya daga 500 na daƙiƙa. Ina hasken da zai isa a wannan ƙiftawa, a zaure mai ƙwan lantarki biyu?

Waɗansu sai su haska walƙiya a fuskar yara. Wannan ɓarna ce, gama ta kan kashe wa yaro ido ana tsakiyar kamu, kuma in nisa ya ninku biyu, rubu'in haskenta ne ke isa. Gara a juya ta sama, rufi in fari ne ya maido da hasken a warwatse.

Attajiran da ke sayen kofi da kyaututtuka, da ma su fara da farar ƙasar shafe bango da fitilu masu aiki da hasken rana. Shugabannin makarantu kuwa su mai da wasa da hantsi, a buɗe tagogi duka.