An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Kowace shekara, da damina ta yi tsaka, sai zazzaɓi ya cika gidaje, yara su kwanta, ajujuwa su rage. In an tambayi dalili, sai ka ji an ce sabuwar masara ce, ko ɗanyar gyaɗa, ko dukan ruwa. Hujjar mai faɗin haka guda ce: jiya yaro ya ci masara, yau ya tashi da zafin jiki. To, wannan hujja mu ke so mu auna, gama irinta ta daɗe tana ruɗin mutane, har da masana.

Mutanen Italiya na dā sun lura cewa mazauna bakin fadamun da ke kewayen birnin Rum su zazzaɓi ya fi kamawa. Lurarsu daidai ce. Amma sai suka yanke hukunci cewa iska mai wari da ke tashi daga ruɓaɓɓen ruwa ita ce cutar, har ma kalmar maleriya ma'anarta a harshensu muguwar iska. Fadama kam tana da hannu, sai dai ba ta hanyar da suka zata ba. A cikin ruwanta sauro ke ƙyanƙyashewa.

A 1880 wani likitan soja Bafaranshe, Laveran, ya ga ƙwayar cutar cikin jinin majinyaci a Aljeriya. A 1897 kuma Ronald Ross ya same ta a tumbin sauro a Indiya. Duk da haka masu musu ba su daina ba. Saboda haka a 1900 Likita Patrick Manson na Ingila ya shirya gwaji iri biyu. Ya aiki likitoci biyu, Sambon da Low, suka zauna wajen wata uku a Ostiya, kusa da Rum, a daidai lokacin da zazzaɓi ya fi tsanani. Iskar fadama suka yi ta shaƙa dare da rana, amma kafin faɗuwar rana sai su shige ɗaki mai raga wanda sauro ba ya iya shiga. Maƙwabtansu suka yi ta kwanciya, su kuwa lafiya lau suka tashi. Sa'an nan aka ɗauko sauron da ya ciji masu zazzaɓi a Rum aka kai shi Landan, ya ciji ɗan Manson na cikinsa, wanda bai shaƙi iskar fadamar ba, zazzaɓi ya kama shi. Ga iska babu sauro, ba cuta. Ga sauro babu iska, ga cuta. Nan gardama ta ƙare.

Abin koyi a nan shi ne, zuwan abu biyu tare ba ya nuna ɗaya ne ya haifi ɗaya. Ruwan sama shi ya nunar da masara, shi ne kuma ya cika kududdufai sauro ya yaɗu. Masara da zazzaɓi 'yan lokaci ɗaya ne kurum. Daɗin daɗawa, zazzaɓi ba ya fitowa ranar cizo, sai bayan mako guda ko biyu, wani lokaci ma fiye. Kafin nan an manta da sauro, abincin jiya kaɗai a ke tunawa. Watau an bar jaki ana dukan taiki.

Don haka duk wanda ya ce mana abu kaza ke kawo cuta kaza, sai mu yi masa tambaya uku. Shin akwai waɗanda suka ci abin nan ba su kamu ba? Shin akwai waɗanda suka kamu alhali ba su ci ba, kamar jinjirin da bai san komi ba sai nono? Shin babu wani abu na uku da ke tafe da su duka biyu? Hujjar da ta kasa amsa waɗannan zato ce, ko da daga bakin babba ta fito.

Kada wani ya ce ai wannan gardamar malamai ce. Uban da ya ɗora wa masara laifi zai hana ɗansa masara, ya bar shi yana kwana ba gidan sauro, ya kuma yi jinkirin kai shi asibiti a auna jininsa. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022, fiye da rubu'in masu wannan zazzaɓi a duniya duka a Nijeriya su ke, kuma ƙananan yara ya fi kashewa.

Malaman makaranta da malaman ofis, ku jama'a ke tambaya in abu ya shige musu duhu. Ku koya wa yara tambayoyin nan uku kamar yadda ku ke koya musu lissafi, ku kuma yi aiki da su a zaurukan hira. Masara ta ƙare a rumbu, wani abin za a laƙa wa laifi. Amma yaron da ya iya auna hujja ya iya har tsufansa.