An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Yaranmu Da Littattafan Da Ke Faɗin Cin Zarafi

A watan Oktoba na shekarar 2023 gwamnatin Jihar Kano ta ba da sanarwar hana amfani da waɗansu littattafai guda shida a makarantu, bisa dalilin cewa akwai abin da ke ɓata tarbiyyar yara a cikinsu. Wanda ya fi jawo surutu shi ne Queen Primer, wani ɗan tsohon littafin koyon karatun Turanci wanda kakannin waɗansunmu ma da shi suka koyi haɗa baƙi. Laifinsa kalma guda ce, wadda a Turancin da ake nufin farin ciki da ita, a Turancin yau kuwa ake nufin mai neman jinsinsa. Ba wannan ne karo na fari ba. A shekarar 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta tara littattafan soyayya da aka karɓe daga hannun 'yan makaranta, aka cinna musu wuta a bainar jama'a.

Mai karatu zai ce, to ina ruwan Birnin Kudu da Gwaram da abin da aka yi a Kano? Da ruwansu kuwa. Har zuwa ranar 27 ga Agusta, 1991, sa'ad da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, waɗannan garuruwa biyu ƙasar Jihar Kano ne, kuma yanke iyaka bai yanke hanya ba. Littafin Hausa da yarinya ke ɓoyewa a ƙarƙashin katifa a makarantar kwana ta 'yan mata a Gwaram, da wanda ɗalibin Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ke ara wurin abokinsa, galibi daga kasuwar Kano suke fitowa. Ra'ayin iyaye game da su shi ma ta wannan hanya yake biyowa. In aka ce a Kano littafi kaza guba ne, kafin mako ya zagayo uba a Sara ko Basirka ya ji, ya kuma gaskata.

Abin da ya dame mu shi ne, duk sa'ad da aka tashi share littattafai irin wannan shara, tsintsiyar ba ta rarrabe tsakanin littafin da ke koya wa yaro lalata da littafin da ke faɗa wa yaro cewa ana lalata yara. Su biyu ne daban, amma a kunnen iyaye da yawa sunansu ɗaya, watau batsa.

Mun san irin maganar da iyaye kan yi in suka tarar da ɗansu yana karanta labarin wata yarinya da kawunta ke shiga ɗakinta da dare, ko yaron da malaminsa ke tsare shi bayan an tashi. Uba yakan ce, yaron da bai san komai ba, don me za a buɗe masa ido? Uwa takan ce, ai wannan koya wa yara raina manya ne, gobe sai su riƙa yi wa kowane baƙo kallon mugu. Ba mu raina wannan magana ba, gama daga ƙauna take fitowa. Amma bari mu tambayi iyayen nan abu guda: da wane irin labari aka raine su?

Kowa ya girma a ƙasar Hausa ya san tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa. An ɗora wa 'yar bora laifin da ba nata ba, aka kore ta daga gida ita kaɗai, aka ce kada ta komo sai ta wanke abin da aka ɓata a ruwan Bagaja. Tatsuniyoyin marainiya da kishiyar uwa kuwa ba su ƙirguwa, a hana ta abinci, a aike ta rafi da tsakar dare, a ba 'yar gida tuwo ita a ba ta ƙanzo. Kaka ce ke faɗa, yara 'yan shekara 5 da 6 ke saurare, ba kuwa wanda ya taɓa cewa kaka ta ɓata tarbiyya. Da Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara irin waɗannan labarai a cikin jerin littattafansa na Tatsuniyoyi da Wasanni, makarantun firamare suka karɓa hannu biyu. Haka kuma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar rubutu ta shekarar 1933. Labarin yaro ne ƙarami da aka sace, da uwarsa wadda ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa cikin bauta. Shekara da shekaru ana karanta shi a aji, ana yin jarrabawa a kansa, har aka mai da shi fim a 1976.

Ashe dai ba zaluntar yaro a cikin labari ne ke tayar mana da hankali ba. Abin da ke tayar mana da hankali shi ne wanda aka nuna da yatsa. In azzalumin dodo ne, ko mai fataucin bayi na zamanin da ya wuce, ko kishiyar uwa wadda dama al'ada ta riga ta shafa mata baƙin fenti, sai mu gyara zama mu ji daɗin labari. Amma da zarar marubuci ya ce azzalumin kawu ne, ko maƙwabci mai kanti, ko malamin makaranta, ko uban da ya karɓi sadaki, nan take sai labarin ya zama rashin kunya.

Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta ɗanɗani wannan. Ita kanta an cire ta daga makaranta aka aurar da ita tana da shekara 13. A cikin littafinta Wa Zai Auri Jahila? na shekarar 1990 ta ba da labarin Abu, yarinyar da ubanta ya hana ta karatu ya ba wani dattijo, Sarkin Noma, kuma marubuciyar ba ta rufe abin da ya sami yarinyar a ɗakin miji ba. Ba don ƙananan yara aka rubuta shi ba, amma 'yan matan sakandare na cikin waɗanda suka fi karanta shi, suna miƙa wa juna har bango ya fita. A shekarun nan ne masana suka yi ta kai ruwa rana a jaridu a kan littattafan da aka laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano, waɗansu na cewa sharar banza ce, waɗansu na cewa madubi ne. Masu karatun ba su jira hukuncin masana ba. Yarinyar da ta ga ƙawarta ta ɓace daga aji bayan hutu, ba ta bukatar farfesa ya gaya mata ko labarin Abu gaskiya ne.

Wannan gardama ba tamu kaɗai ba ce. A Amurka akwai wani littafin matasa mai suna Speak, na Laurie Halse Anderson, wanda ya fito a 1999. Labarin ɗaliba ne da aka yi wa fyaɗe, ta kasa faɗa wa kowa har ta kusa daina magana ɗungum. A 2010 wani malamin jami'a a Jihar Misuri ya nemi a fitar da shi daga makarantu, yana kiransa batsa. Marubuciyar kuwa ta sha faɗin cewa wasiƙu suna ta zo mata daga yaran da suka ce sai da suka karanta shi suka iya buɗe baki. A can ma manya ne ke jin kunyar littafin, yara na gode masa.

Yanzu mu dubi abin da ake so a ɓoye wa yaran. A shekarar 2014 Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa, tare da taimakon UNICEF, ta yi bincike a kan cin zarafin yara a Nijeriya. Ta gano cewa yara 6 cikin kowane 10 sun gamu da wani irin cin zarafi kafin su kai shekara 18. Mace 1 cikin 4, da namiji 1 cikin 10, an ci zarafinsu ta hanyar lalata. Waɗanda suka sami wani taimako ba su kai 5 cikin 100 ba. Kuma yawancin masu aikata abin ba baƙi ba ne, mutanen da yaron ya sani ne. Ba mu manta da yarinyar nan 'yar shekara 5 da aka sace a Kano a watan Disamba na 2021 ba. Mai makarantar da take karatu ne ya ɗauke ta, ya kashe ta, kotu kuma ta yanke masa hukuncin kisa a watan Yuli na 2022. Ta bi shi ne domin ta san shi. Ba mu manta da ɗaruruwan mutane, da yara a cikinsu, waɗanda 'yan sanda suka fitar daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019 ba, waɗansu da sarƙa a ƙafa. Idan aji yana da 'yan mata 40, bisa ga lissafin binciken nan, abin da littafi ke faɗa ba sabon labari ba ne ga wajen 10 daga cikinsu kafin su girma. Idon da uba ke tsoron a buɗe, wani ya riga ya buɗe shi da ƙarfi, an kuwa ce wa yarinyar in ta faɗa za a yanka ta.

Kada wani mai bi ya karanta wannan ya ce matsalar ta waɗansu ce. A Jihar Akwa Ibom an sami masu kiran kansu fastoci suna laƙaba wa yara maita, iyaye suna dukansu suna korarsu, har gwamnatin jihar ta kafa doka a kan haka a 2008. A ƙasashen Turai da Amurka kuwa, manyan ikkilisiyoyi sun sha kunya ƙwarai sa'ad da aka tono yadda shugabanni suka riƙa rufa wa masu lalata yara asiri don gudun abin kunya. Littafi Mai Tsarki da kansa bai yi irin wannan rufin asiri ba. A cikin Sama'ila ta Biyu sura 13 an rubuta abin da Amnon ya yi wa 'yar'uwarsa Tamar, da yadda Absalom ya ce mata ta yi shiru, da yadda Sarki Dawuda ya husata amma bai hukunta kowa ba, da irin jinin da ya biyo bayan wannan shiru. Sau nawa ake karanta wannan sura a taron Zumuntar Mata, balle a ajin matasa? Labarin Yusufu wanda 'yan'uwansa suka jefa a rijiya, wannan kam Musulmi da Kirista duka muna koya wa yara, domin ƙarshensa sarauta ce.

Ba muna cewa kowane littafi da ya ambaci fyaɗe ya cancanci shiga hannun yaro ba. Akwai rubuce-rubucen da ke yawo yanzu ta WhatsApp, ba edita ba mai dubawa, waɗanda ke fakewa da sunan faɗakarwa suna tsayawa a kan ƙazantar shafi bayan shafi domin a biya kuɗin ci gaban labari. Uban da ya ƙwace wayar 'yarsa saboda irin waɗannan bai yi laifi ba. Amma gane bambancin ba wuya, in mutum zai daure ya karanta kafin ya yanke hukunci, abin da masu kiran a ƙone ba safai suke yi ba. A duba a gefen wa marubucin yake tsaye. Ya nuna tsoron yarinyar ne ko jin daɗin azzalumin? Ya ɗora mata laifi saboda tallan da ta je ko tufar da ta sa, ko kuwa ya ajiye laifin inda yake? A cikin labarin akwai wani babba, goggo ko malama ko ma'aikaciyar asibiti, wanda yarinyar ta faɗa wa ya kuma gaskata ta? Wannan na ƙarshe shi ne ya fi muhimmanci a ganinmu, gama yaron da ke karatu yana neman ya ga ƙofar da shi ma zai bi.

Jihar Jigawa ta yi abin a yaba mata wajen doka. Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ya sa hannu a dokar hana cin zarafin jama'a a watan Fabrairu na 2021. A watan Disamba na wannan shekara kuma ya sa hannu a dokar kare yara, wadda ta tanadi hukuncin kisa ga wanda ya yi wa yaron da bai kai shekara 10 ba fyaɗe, shekara 18 bayan dokar tarayya ta 2003. Sai dai alƙali ba ya shari'ar abin da ba a kawo gabansa ba, kuma hukunci mai tsanani yana iya ƙara wa dangi ƙarfin rufewa, tun da ba mai son ya kai ƙaninsa ga igiya. Duk shari'ar irin wannan daga bakin yaro take farawa. Harshenmu kuwa, saboda kunya, bai bar wa yaro kalmar da zai faɗi abin ba tare da an buge masa baki ba. Ko manya sai su ce an ɓata ta, kamar ita ce ta lalace. Yarinyar da ta karanta labarin wata tana da hanya mai sauƙi. Tana iya miƙa wa malamarta littafin ta ce, abin da ya sami wannan shi ya same ni.

Daga nan nauyin ya koma kan malamar. Shin shugabannin makarantu a Gwaram da Birnin Kudu, da malaman Islamiyya, da masu koyarwa a makarantar Lahadi, an taɓa zaunar da su an gaya musu abin da za su yi a wannan sa'a? Akwai Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, an kuma buɗe cibiyar kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe a babban asibitin Dutse. Likitoci suna so a kawo yaro da wuri, cikin kwana 3, domin maganin kariya daga ƙanjamau ba ya aiki in an wuce haka. Malamar da ke wani ƙauye a bakin iyakar Bauchi tana bukatar ta san wannan, ta san wanda za ta kira, ta kuma sami kuɗin motar da za ta kai yarinyar kafin dangi su taru su ce a bar maganar a gida.