Ra'ayinmu: A auna jini tun kafin a kai ga injin wankin ƙoda

A shekarar 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wankin ƙoda daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, ciki har da asibitin koyarwa na Maiduguri da na tarayya da ke Azare. Abin a yaba ne. Sai dai wanda ƙodarsa ta daina aiki ana so ya hau inji sau biyu ko uku a kowane mako, kuma haka zai ci gaba sai in an yi masa dashe. Ko a sabon farashin, wanki biyu a mako ya kusa naira dubu ɗari a wata, alhali mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne. Ba a zancen kuɗin mota, da allurai, da ƙarin jini. Nan ne ake sayar da gona, a sayar da fili, a bi masallatai da takardar neman taimako.

Manyan abubuwan da ke kai mutum ga wannan hali su ne hawan jini da ciwon suga, kuma dukansu ana iya gano su da wuri, a shawo kansu da kuɗi kaɗan. Matsalar hawan jini ita ce ba ya sallama. Mutum zai yi shekaru jininsa na sama da 140 bisa 90, yana kasuwarsa, yana cewa lafiyarsa ƙalau, ciwon kuwa yana cin ƙoda da zuciya da jijiyoyin ƙwaƙwalwa a hankali. Ranar da ya faɗi da shanyewar ɓarin jiki, sai a ce jifa ne ko iska ta buge shi. Awon da zai tona asirin ciwon bai wuce 'yan mintuna ba, kuma ko a kemis ana yin sa.

Abin da ya fi damun mu shi ne waɗanda aka auna, aka ba su magani, suka sha na wata ɗaya, da suka ji sauƙi sai suka ajiye. Maganin hawan jini ba irin na zazzaɓi ba ne da ake gamawa a ce an warke. Danne jinin yake yi, idan aka daina sai ya koma inda yake. Ƙwaya guda a rana, irin su amlodipine, tana cikin magunguna mafi araha da likita ke rubutawa, kuma kuɗinta na watanni ba ya kai na wankin ƙoda ɗaya. Magidanci da ke jin nauyin sayen ta ya tuna cewa ba don kansa kaɗai yake sha ba. Idan ya kwanta, kuɗin makarantar yara da cefanen gida ne za su tafi asibiti tare da shi.

Sai batun haɗi. Lebura ko mai tura ruwa ya wuni cikin rana, bai sha ruwa isasshe ba, da yamma ya tsaya a kemis ya ce a haɗa masa na ciwon jiki. A cikin ƙullin akan sami diclofenac ko ibuprofen, wani lokaci duka biyun. Shan su kullum, a jikin da ruwa ya yi wa ƙaranci, yana lahanta ƙoda, yana ƙwaƙule ciki, yana kuma ƙara hawan jini. Haka nan jiƙe-jiƙen da ake tallarsu da lasifika a tashoshin mota, kwalba ɗaya wai tana maganin basir da sanyi da shawara, babu wanda ya san abin da aka zuba a ciki.

Gishiri ma yana da nasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, ƙasa da ƙaramin cokalin shayi. Dunƙulen magi kuwa yawancinsa gishiri ne, ga shi a miya, ga shi a yaji, ga shi a tsire. Rage shi ba ya cin ko kwabo, daddawa kuma tana nan.

To amma akwai masu cewa irin wannan nasiha ɗora wa talaka laifi ne, kuma maganarsu tana da ƙarfi. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun marasa lafiya yake fitowa. Faɗuwar naira da ficewar kamfanin magunguna na GSK daga ƙasar a 2023 sun sa magunguna da yawa sun yi tashin gwauron zabi. Alƙawarin Abuja na 2001, na ware kashi 15 na kasafi ga lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Leburan nan da muka ambata yana shan haɗi ne don in bai fita gobe ba, ba a ɗora tukunya. A Gashuwa ta jihar Yobe kuwa ciwon ƙoda ya daɗe yana ɗaukar mutane da yawan da gishiri ko sakaci ba za su iya bayyanawa ba, shi ya sa masu bincike suke duba ruwa da muhalli. Wanda ya ce wa mutanen can su gyara halinsu kawai, ya zalunce su.

Mun yarda da wannan duka, kuma ba za mu lamunci wani jami'i ya fake da wa'azin rigakafi ya gudu daga aikinsa ba. Inda muka rabu da masu wannan ra'ayi shi ne batun jira. Ƙodar mutum ba za ta jira kasafin kuɗi ya gyaru ba. Abin da ke hannun mutum ya yi shi yau: wanda ya haura shekara talatin ya auna jininsa ko da sau ɗaya a shekara, wanda aka ɗora a kan magani kada ya yanke sai da izinin likita, a bar haɗi, a rage magi.

Gwamnati kuma ta sa wannan ya yiwu. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, to a ga amfaninsa a asibitin mazaɓa: na'urar awon jini mai aiki, ma'aikaci da ke zaune a wurin, da maganin hawan jini da ba ya yankewa. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya, amma mafi yawan 'yan kasuwa da manoma ba su ciki, don haka hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi, irin ta Kano, su bi su har kasuwa da ƙauye. Hukumar NAFDAC ta sa ido a kan masu lasifika. Kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su ma za su iya sayen na'ura guda, su nemi ma'aikacin lafiya na unguwa ya riƙa auna jama'a bayan sallar Juma'a ko ranar kasuwa, duk wanda aka ga jininsa ya hau a tura shi asibiti da takarda a hannu.