Zaure da Aikin Ofis a Cikin Gida

Tun watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta sa Gwamnatin Tarayya ta umarci ma'aikatanta na mataki na 12 zuwa ƙasa da su yi aiki daga gida, wannan magana ta shiga bakin ma'aikatan Nijeriya. Annobar ta lafa, maganar kuwa ba ta mutu ba. Bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, jihohin Kwara da Edo sun mayar da zuwa ofis kwana uku a mako saboda tsadar kuɗin mota. Malaman jami'a da ɗalibansu masu rubuta kundi su ma sun ɗanɗana nasu a yajin aikin 2022, wanda ya kai wata takwas.

Shawarwarin da ake bai wa mai aiki a gida sanannu ne: ya tashi da wuri, ya jera ayyukansa a takarda, ya nisanci waya. Ba su da aibi, sai dai an tsara su ne domin gidan da ke da ƙofa a rufe da wuta ba yankewa. A gidan Bahaushe, wanda aka gani zaune da hantsi yana nan ke nan, kuma wanda yake nan ana iya yi masa sallama, a aike shi, a ja shi zuwa suna ko gaisuwar mutuwa. Ya buɗi baki ya ce wa kawunsa "Baba, ina aiki" kuwa, ba kowane gida ne zai ɗauki wannan a matsayin uzuri ba. Abin ya fi tsanani ga mace, domin kwamfutar da ke kan cinyarta ba ta ɗauke mata girki ko kukan yaro a idon surukai.

Abin lura shi ne, aiki a gida ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Polly Hill, wadda ta yi nazari a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta bayyana irin cinikin da matan kulle ke gudanarwa daga cikin gidajensu, na ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da hatsi, yara na fita da talla. Maza kuwa suna da zaure. A nan baduku yake yanka fata, maɗinki yake zare, malami yake ba da karatu. Zaure na cikin gida ne, amma ba cikin gida ba ne: baƙo yana tsayawa a nan, hayaniyar tsakar gida kuma ba ta ƙetaro shi.

Zauren malami ne ya fi dacewa da wannan batu. Mai ɗinkin hula yana iya hira allura na tafiya, amma karatu ba ya jure katsewa, haka ma rubuta rahoto ko lissafin kuɗi. Abin da ya tsare wa malami lokacinsa shi ne kowa a unguwa ya san sa'ar karatu, wato daga asuba zuwa hantsi, ko bayan la'asar. Wanda ya shigo a wannan lokaci yakan samu wuri ya zauna har a shafa fatiha, kuma ba ya jin an wulaƙanta shi, domin ya ga littattafai a buɗe, ya ga almajirai a durƙushe. Aikin kwamfuta ba shi da wannan alama. Mai kallo daga nesa ba ya bambance mai rubuta babi na uku da mai kallon fim.

Saboda haka buƙatar ma'aikacin gida ta farko ita ce ya mayar da aikinsa abin da ake gani, ya ba shi wuri guda da lokaci guda waɗanda ba sa sauyawa, har mutanen gida su saba. Mai zaune a ciki da falo na haya ba shi da zaure, amma tebur ɗaya a kusurwa ɗaya, kullum daga bayan asuba zuwa ƙarfe goma, yana iya tsayawa a madadinsa. Lokacin ma ya dace da yanayi, domin a bazara zafin Sakkwato da Maiduguri kan wuce digiri 40 da rana. Zumunci kuma a ba shi nasa lokacin da yamma, a riƙa cika shi, don kada a ce an guji dangi.

Wuta ita ce ɗaya matsalar. Mai dabara yakan raba aikinsa gida biyu: abin da ke buƙatar caji da intanet ya yi shi da zarar an kawo wuta, karatu da tsara rubutu a takarda ya ajiye su domin lokacin ɗaukewa. Amma dabara ba ta biyan kuɗi. A watan Afrilun 2024 an ɗaga farashin lantarki zuwa naira 225 kan kowane yunit ga rukunin da aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, saura kuma sun dogara da janareta ko hasken rana. Ma'aikatar da ta tura ma'aikaci gida ta huta da sayen man inji, nauyin ya koma aljihunsa tare da kuɗin data. Ya kamata a sanya wannan a alawus. Ya kamata kuma shugaban sashe ya auna ma'aikaci da abin da ya miƙa a ƙarshen mako, ya daina auna shi da saurin amsa saƙon WhatsApp, domin wanda ke tsaron waya tun safe don kada a ce ya yi barci da wuya ya kammala shafi biyu kafin azahar.