LASIN BINDIGA: A NUNA MANA LITTAFIN!

Jama'ar Birnin Yauri da Yelwa da Wara da Shanga, 'yan'uwa manoma da masunta da 'yan kasuwa, yau maganarmu a kan takardar bindiga ce. Mutum nawa ne a cikinmu ya biya kuɗi, aka miƙa masa takarda mai hatimi, ya naɗe ta a leda ya cusa ƙarƙashin katifa, ya ce ai shi ya yi rajista? To, mu mun ce da saura. Takardar da ke hannunka rabin magana ce, ɗaya rabin yana cikin littafin hukuma. In kuwa sunanka da lambar bindigarka ba su shiga wannan littafi ba, ran da aka tare ka a hanya, kai da ɗan ta'adda laifi ɗaya za a karanta muku.

Bari mu fara da doka, don kada wani ya ruɗe ku. Dokar Bindigogi ta 1959 ce, tun Turawa ba su tafi ba, kuma ta kasa bindigogi gida uku. Gida na farko su ne waɗanda aka haramta, watau bindigogin soja da masu sarrafa kansu da libarba da ƙaramar bindigar aljihu kowace iri. Waɗannan ba mai ba da izininsu sai Shugaban Ƙasa. Gida na biyu su ne irin bindigar farauta mai baki ɗaya ko baki biyu, lasinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Na uku ita ce tamu ta gado, bindigar toka mai ɗuri ta baki, wadda al'amarinta ke hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha tare da shawarar Gwamna.

Ku lura da na farkon nan da kyau, musamman ku fatake masu yawo da kuɗin shinkafa da albasa da kifi tsakanin kasuwanni. Duk wanda ya ja ku gefe ya ce zai samo muku lasin ƙaramar bindiga, wai ya san wani a ofis, macuci ne. Babban ɗan sandan yanki ba shi da wannan iko, Kwamishina ma ba shi da shi, balle ɗan kamasho. Shi zai ci kuɗin ya share baki, kai kuwa doka ta yanka maka ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Dokar Fashi da Makami ta 1984 kuma ba ta tsaya rarrabewa ba: mai riƙe bindiga ba lasin, tarar naira 20,000 ko shekara 10 a kurkuku, ko a haɗa masa duka biyu.

Wani zai ce to me ya kai talaka riƙe bindiga? Wanda ke tambayar nan ba a ƙasar Yauri yake kwana ba. Ran 17 ga Yuni 2021, da rana tsaka, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashe ɗalibai da malamai, 'yan mata 11 suka daɗe a daji, sai a 2023 aka sako na ƙarshensu. A watan Maris 2022 aka kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a wajen Sakaba, nan maƙwabtanmu. Ba mu ce kowa ya ɗauki makami ba, gama mun ga abin da ya faru a wuraren da aka bar kowa ya zama alƙalin kansa. Abin da muka ce shi ne, wanda ya zaɓi bin doka, kada bin dokar ya zame masa tarko.

Tarkon kuwa ga shi. A watan Fabrairu 2018 Sufeto Janar Ibrahim Idris ya ba da kwana 21 kowa ya miƙa haramtattun bindigogi. A watan Yuni 2022 Gwamnan Zamfara Bello Matawalle ya ce jama'a su nemi lasin su kare kansu, 'yan sanda suka amsa cewa an dakatar da ba da lasin. A watan Agusta 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sake faɗa a fili cewa an daina bayarwa. Ashe ke nan duk mai sabon lasin da aka rubuta a lokacin da aka ce ƙofa a rufe take, tilas ya tambayi kansa daga wace taga takardarsa ta fito. Manya ba ruwansu da wannan ruɗani, suna da 'yan sanda a ƙofar gida da bayan mota. Mai gonar fadama a bakin tabkin Kainji shi ke tsakiya, ga daji a gabansa, ga caji ofis a bayansa.

Sai maganar littafin kansa. Su wa ke riƙe da shi? Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce makaman 'yan sanda 178,459 ba a san inda suka shiga ba, 88,078 daga ciki kuwa AK-47 ne. Wannan fa rumbunsu ne, mabuɗin yana hannunsu. Hukumar da ta kasa lissafa nata, ita ce za mu sakar wa namu ido rufe? An kafa cibiyar hana yaɗuwar ƙananan makamai a ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro a 2021. Madalla. Amma cibiya a Abuja ba za ta fid da maharbin Ngaski daga hannun mai tuhuma ba, sai layin nan guda da akawu ya rubuta ko ya manta.

Iyayenmu sun san wannan tun zamanin En'e. Wanda ya biya haraji ko jangali bai karɓi rasit ba, sau biyu yake biya, shi ya sa tsofaffi suke ɓoye rasit a cikin hula kamar laya. Yau abin ya fi haka nauyi, don wancan kuɗi ne, wannan kuwa shekarun mutum ne.

Saboda haka mai lasin ya ɗauko takardarsa yau. Ya sa ɗansa mai karatun boko ya gwada lambar da ke takarda da wadda aka buga a jikin bindiga, harafi da harafi. Ya duba sunansa, kada a rubuta Garba alhali katin zaɓensa Abubakar ya ce. Ya duba ranar ƙarewa, gama lasin ba na har abada ba ne, sabuntawa ake yi. Ya duba rasit: tun 2015 kuɗin Gwamnatin Tarayya asusu ɗaya suke shiga ta banki, kuɗin da aka karɓa hannu da hannu a gindin bishiya ba su je ko'ina ba. Sannan ya rubuta wasiƙa zuwa ga Kwamishina a Birnin Kebbi yana neman a tabbatar masa a rubuce cewa lambarsa tana rajista, ya riƙe kwafe mai hatimin karɓa. In zai je caji ofis, ya tafi da mai unguwa ko shugaban maharba ya zama shaida.

Magada kuma su ji. Lasin ba ya shiga rabon gado. In mai bindiga ya rasu, kwana 14 kaɗai doka ta ba wanda kayan ke hannunsa, watau tun ba a yi sadakar arba'in ba takardar baba ta daina kare kowa. Haka in bindiga ta ɓace ko an sace ta, a kai rahoto cikin kwana 14, kada a wayi gari a same ta a wurin ɓarna da sunanka a kanta.

Ga mahukunta kuwa, Kwamishina ya fito a rediyo, da Hausa, ya gaya wa jama'a ko ana sabunta tsohon lasin ko ba a yi, da nawa ne kuɗinsa, da matsayin bindigar toka a Jihar Kebbi. A ajiye kwafen rajista a ofishin 'yan sanda na Yelwa, don kada mutumin Wara ya kashe kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi a ce masa mai mabuɗi ya fita. 'Yan majalisarmu na Yauri da Ngaski da Shanga su tashi da wannan magana a zauren majalisa, mu kuma za mu buga sunan wanda ya tashi da wanda ya yi shiru.