Kwana 90 Ne Fa, Jama'a!

'Yan uwa mazauna Azare da sauran garuruwan ƙasar Katagum. Ba ma goyon bayan mai sayar da wiwi ko tiramol ko kodin, domin 'ya'yanmu ake lalatawa. To amma akwai wata ɗabi'a tamu da ya kamata mu yi tir da ita: da an ce kotu ta ɗaure yaronmu kan sayar da ƙwaya sai kunya ta rufe mu, mu ce a bar wa Allah, wai kada 'yan gari su ce baƙi ne ke kawo ɓarna. Ko takardar hukuncin ba ma nema mu gani. Alhali doka ta ba shi kwana 90 daga ranar hukunci ya kai kukansa Kotun Ɗaukaka Ƙara.

Shari'ar da hukumar NDLEA ke shigarwa a Babbar Kotun Tarayya ake yin ta, wato a Bauchi, nesa da idon iyaye. Sau da yawa babbar hujja ita ce takardar amsa laifi, an rubuta da Turanci, yaron da ko haruffan boko bai sani ba ya dangwala yatsa. Wa ya fassara masa? A shari'ar Gwamnatin Tarayya da Usman a 2012, Kotun Ƙoli ta ce idan ta bakin tafinta aka ɗauki bayani, tilas tafintan ya zo ya ba da shaida, in ba haka ba takardar ta zama ji-ta-ji-ta. Sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana karɓar amsa laifin da aka samu ta hanyar duka ko azabtarwa. Dokar shari'ar laifuffuka ta 2015 kuma ta tanadi a ɗauki bayanin a bidiyo ko a gaban lauya ko wanda mutum ya zaɓa, kuma a 2024, a shari'ar Nnajiofor, Kotun Ƙoli ta ce wannan wajibi ne. Haka kayan da aka kama: an gwada su? Wa ya riƙe su daga ranar kamu zuwa ranar kotu?

Sai dai kada wani ɗan kamasho ya yaudare mu. Sashe na 251 na Dokar Shaida ya ce karɓar hujja bisa kuskure ba ya rushe hukunci idan ko babu ita hukuncin ba zai canza ba. Sannan batun duka, a ranar da aka miƙa takardar ake tayar da shi, alƙali ya tsaya ya bincika. Wanda ya yi shiru ranar nan, da wuya a saurare shi a sama. Shi ya sa muke jin takaicin dattawan da ke matsa wa yaro ya ce "na yi" don a gama da wuri. Wanda ya amsa a gaban alƙali ya kusa toshe wa kansa hanya.

Kuɗin da ake zuba wa masu cewa sun san wane a Bauchi, da lauya aka bai wa da ya fi. Wanda ba shi da hali ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Tarayya, wadda aka kafa tun 1976 domin talaka. A nemi kofin hukunci da na zaman kotu tun makon farko. In kwana 90 sun wuce, sai an roƙi kotu ƙarin lokaci tare da dalili mai ƙarfi, kuma kunyar surukai ba ta cikin dalilan da alƙali ke karɓa.