Mai Neman Aikin Agaji Ya Yi Guzurin Adabin Hijira

Tun daga lokacin da fitinar Boko Haram ta ɓarke a Maiduguri a 2009, ta watsa jama'a zuwa Diffa da Minawao da gaɓar Tafkin Chadi, sa'an nan ta'adin 'yan bindiga ya kora talakawan Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa Maraɗi a 2019, wata sabuwar sana'a ta buɗe wa samarinmu masu ilmi, watau aikin ƙungiyoyin agaji, wanda a yau ɗalibi yakan gama jami'a idonsa na kansa. Ba na ganin aibi cikin wannan buri, gama neman halali ibada ne, taimakon wanda musiba ta auka wa kuwa sadaka ce. Abin da ya dame ni shi ne irin guzurin da ake shiga aikin da shi.

Abin da ake koya musu sananne ne: ƙidayar mutane, rubuta rahoto da Turanci, da haddace sharuɗɗan yarjejeniyar 1951 ta 'yan gudun hijira da ta Kampala ta 2009, wadda ta shafi waɗanda aka raba da muhallinsu a cikin ƙasarsu. Duk wannan wajibi ne, amma bai wadatar ba. A dubi saurayin da ke zaune ƙarƙashin rumfa da takardar rajista, ya ce wa dattijuwa, "Inna, 'ya'yanki nawa, yaya sunan babban?" ita kuwa ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi, alhali ba taurin kai ya hana ta magana ba, illa dai kunyar ɗan fari ta hana ta ambaton sunansa, sa'an nan ba ta sani ba ko za ta lissafa wanda aka tafi da shi daji cikin rayayyu ko cikin matattu. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to amma karatun fuska ilmi ne, kuma adabi na daga cikin manyan makarantunsa.

Ba sai mun tafi nesa neman wannan adabi ba. Kissar hijirar sahabbai zuwa Habasha, da yadda Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya tsaya gaban Najjashi yana kare amanar waɗanda Kuraishawa suka zo karɓa, daga bakin Ummu Salama, Allah Ya yarda da ita, malaman sira suka ruwaito ta, watau shaidar mace ce wadda ta ɗanɗani baƙunci da kanta. Nana Asma'u ta tsara labarin hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo daga Degel zuwa Gudu a 1804 da yaƙoƙin da suka biyo baya a cikin Waƙar Gewaye. Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma, a cikin Shaihu Umar na 1934, ya nuna mana uwar da ta bi sawun ɗanta da aka sace har ita ma ta faɗa bauta, aka ƙetare hamada da ita. Wanda ya karanta shi da natsuwa ba zai ƙara tambayar uwa dalilin da ya sa ta bar abincin sansani ta koma garin da ake harbi ba.

Daga nan sai ɗalibi ya faɗaɗa. Half of a Yellow Sun na Chimamanda Adichie, na 2006, zai nuna masa yunwar Biyafara daga cikin gida, ya fahimci cewa wahalar yaƙi ba ta san ƙabila ba. Rijalun fis Shams na Gassan Kanafani, na 1963, labarin Falasɗinawa uku ne da suka mutu cikin tankin motar ruwa a kan iyakar Kuwait suna neman abin rufin asiri, kuma duk wanda ya san hanyar Agadas zuwa Libiya zai gane su.

Wani zai ce littafi ba ya cika ciki, wanda gobara ta cinye rumbunsa buhun hatsi yake bukata. Haƙiƙa gaskiya ne, sai dai hatsin da aka miƙa da tsawa yakan ƙosar da ciki ya bar miki a zuciya, kuma magidancin da a garinsu shi ke fitar da zakka ya ciyar da almajirai, yau ga shi cikin layi da kati a hannu, ya fi kowa jin zafin yadda aka kira shi. Ma'aikacin da ya riga ya zauna da irin wannan mutum a cikin littafi zai san ya fara da gaisuwa da jaje kafin tambaya.

Saboda haka ina kira ga jami'o'inmu, musamman ta Maiduguri da ta Bayero da ta Usmanu Ɗanfodiyo, su haɗa sashen adabi da masu koyar da aikin jin ƙai su tsara darasi guda a kan wannan fanni, su kuma tura ɗalibai su rubuta shaidar mutanen sansanoni da Hausa da Barbarci da Fulatanci, bisa izininsu da suturta asirinsu, tun dattawan da suka ga abin da idonsu suna raye. Kai kuma ɗalibi mai neman wannan aiki, kada ka jira manhaja. Nemi Shaihu Umar ka fara da shi a wannan mako. Allah Ya mayar da kowane mai hijira gidansa lafiya.